Ɗigon Baba a Hanyar Gwadabawa

Aikina a garejin Alhaji Ma'aruf kallon ɗigo ne. Haka direbobi suke faɗa in suna son su ƙular da ni, kuma ba ƙarya suka yi ba. Alhaji yana da tireloli da ke kwasar albasa daga nan Illela zuwa kudu, su dawo da siminti ko fulawa ko duk abin da aka samu. Kowace mota an liƙa mata tiraka, wata 'yar na'ura da ke faɗa wa kwamfutata inda motar take, ta nuna ta kamar ɗigo a kan taswira. Ni kuma ina zaune a wani ɗan ɗaki a saman shagon tayoyi, da fankar da ba ta iya komai sai juya zafi, ina fitar da lokacin da mota ta tashi, da lokacin da ta isa, da kilomita nawa ta ci, da inda ta tsaya.

Ɗaya daga cikin ɗigogin nan mahaifina ne, Maccido, direban shuɗiyar mota.

Ni ce 'yarsa ta fari, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Tun da aka yaye ni aka miƙa ni ga yayarsa, Gwaggo, a can na girma. Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. In zai yi maganata sai ya ce “ɗiyar Gwaggo”, in kuma muka yi kiciɓis a ƙofar gareji sai ya sami wani abu a tayar mota da ke bukatar dubawa. Ni ma na iya nawa: in durƙusa daga nesa, in gai da ƙasa, in wuce. Wani ɗan Kano da ya zo gyara mana kwamfuta ya yi ta dariya da ya ji, wai uba da 'ya suna aiki wuri ɗaya amma sai an sa musu ɗan aike. Ban kula shi ba. Ni dai na san duk tafiyar da Baba ya yi sai an kai ƙunshin kaya gidan Gwaggo, a ce “a ba yara”, alhali babu wani yaro a gidan sai ni, har bayan da na yi aure.

Abin ya faro ne daga albasa. Wani kaya ya isa kudu rabinsa ya ruɓe, Alhaji ya hau sama, ya ce in fitar masa da tsawon lokacin da kowane direba yake ɗauka a hanya, daga mai sauri zuwa mai nawa. Na zauna na fitar. Sunan Baba ya faɗo can ƙasa, kuma ba da ɗan kaɗan ba.

Na daɗe ina kallon sunan. Amma ina da wani hali na taurin kai, ba na son a ce Zubaida ta rufa wa ubanta asiri don ita ke riƙe da kwamfuta. Na miƙa yadda yake. Alhaji ba mugu ba ne, bakinsa ne dai yake riga tunaninsa fita. Ya tara direbobi a gindin dalbejiyar gareji ya karanta, ina jinsa ta taga.

“Maccido, kai na na ƙarshe. Tsuhwa ta ko barci?”

Aka yi dariya, har da yaran da Baba ya koya wa riƙe sitiyari. Alhaji ya kafa doka nan take: duk wanda ya iso Sakkwato a hanyar dawowa, ba shi ba kwana sai Illela. Baba ya ce “To.” Ya gyara hularsa ya tafi wajen motarsa, washegari ya ɗauki albasa ya yi kudu.

Ranar Lahadin da zai dawo ita ce ranar kasuwarmu, ranar da garin nan yake cika har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa. Tun safe ina ofis. Na ga ɗigonsa ya shigo Sakkwato kafin azahar, na ji daɗi, na ce zai iso da sauran rana. Sai ɗigon ya zauna. Lawwali, wani direbanmu da motarsa take wurin gyara, ya leƙo ya ce min taya ce ta fashe, kuma mataimakin Baba ya sauka a can don matarsa ta haihu. Ke nan shi kaɗai zai ƙaraso, da siminti maƙil a bayansa.

Tun ranar dariyar nan wani abu yake cina. Na san tuƙin Baba, ba mai jan jiki ba ne. Da na rasa abin yi ina jiran taya, sai na ware lokacin da motarsa take gudu daga lokacin da take tsaye. A gudu daidai yake da kowa, har ya fi wasu masu dariyar. Duk ɓatan lokacin a tsayuwa yake. Na jero tsayuwarsa ta shekara guda ina dubawa, ko akwai wani gari da yake maƙalewa. Babu. Yau a nan, gobe a can, wani lokaci ma a dajin da ko mai shayi babu. Wurin ba ɗaya ba ne, amma lokacin yana da wani tsari da na kasa kamawa: da sanyi yana tsayawa da wuri, da bazara sai ya ƙara ja.

A bangon ofis akwai kalandar lokutan salla da wani mai sayar da man juye ya raba mana. Na ɗaga kai na dube ta, na dawo na dubi kwamfuta, na sake duban ta. Tsayuwar Baba magariba take bi, wata bayan wata. Sauran direbobi ma suna tsayawa su yi salla, amma ɗigoginsu kan tashi bayan ɗan lokaci su ci gaba. Nasa ba ya motsi sai gari ya waye. Na koma baya can farkon sa tiraka, na ga a lokacin yana tafiyar dare kamar kowa. A hankali ta riƙa raguwa, har ta ɗauke gaba ɗaya tun damina.

Sai abubuwa suka riƙa dawo mini. Ranar da na je gidanmu da yamma na ji ya yi tuntuɓe da buta a tsakar gida, ya hau ƙannena da faɗa wai suna ajiye kaya a hanya, alhali butar tana inda take zama kullum. Yadda ya bar zuwa babban masallaci sallar isha ya koma na ƙofar gida. Ƙaton ƙwan lantarkin da ya sa aka ɗaura a zaure, har maƙwabta suna tsokanarsa wai ya buɗe gidan biki. Dundumi ne. Baba ba ya gani in rana ta faɗi, kuma ni na miƙa takardar da ta sa aka hana shi kwana a hanya.

Na koma taswira. Ɗigon ya bar Sakkwato, har ya wuce Kware. Na dubi taga. Rana ta sauko ta zauna a kan rumfunan kasuwa, ta yi ja. Ba sai na taɓa kwamfuta ba na san lissafin: mota mai nauyin nan, a hanyar nan mai ramuka, duhu zai riske ta wajen Gwadabawa. Kuma yau Lahadi. Duk wanda ya ci kasuwar Illela yanzu yake komawa gida a kan wannan titi, masu kora shanu, da amalanken jakai, da babura masu ɗaukar mutum huɗu ba fitila, da mata da ƙwarya a ka.

Innata na fara kira. Ina fara magana na ji ba ta yi mamaki ba.

“Inna, kin sani ke nan?”

“Tun damana. Ya hana in hwaɗa ma kowa.”

“To ki kira shi ki ce shi tsaya.”

“Na kira har sau biyu, bai ɗauka ba. Ya san abin da za ni cewa. Tun da anka yi mai dariyar ga bai ƙara cin tuwo da daɗi ba, Zubaida. Cewa yay yi ko da rarrahe sai ya kwana gida yau.”

Na kira Alhaji, shi da ya kafa dokar ya janye ta. Ya tsallaka iyaka zuwa Ƙonni tun rana, layinsa na nan ba ya shiga, na can kuma yana ta ƙara ba a ɗauka. Na sauko da gudu na sami Lawwali yana alwala a gindin dalbejiya. Ban ɓoye masa ba, ba lokacin ɓoyo. Ya ajiye butar a hankali.

“Ni in ce ma Baba Maccido bai iya tuƙi? Shi yak koya mani, Zubaida.”

“Ba ka ce bai iya ba. Ka ce shi kwana Gwadabawa.”

Ya kira, ina tsaye a kansa. Baba ya ɗauka. Lawwali ya yi ta kewaye-kewaye, ya gaishe shi da hanya, ya gaishe shi da gajiya, kafin ya kai ga cewa ai ko gobe aka sauke simintin babu laifi. Na jiyo muryar Baba daga wayar, “Ina tahe,” ya kashe.

Na koma sama. Ana kiran salla a masallacin tasha lokacin da ɗigon ya shiga Gwadabawa, ya rage gudu, ya tsaya. Na sauke ajiyar zuciya. Na ce ya haƙura, hankalinsa ya rinjayi zuciyarsa. Na shimfiɗa ɗankwali na yi sallata a nan, ban san me na karanta ba, ina sallamewa na leƙa. Yana nan. Na fara tattara jakata. Na ɗauki makullin ofis, na waiwaya don in kashe kwamfuta, sai na ga sifirin da ke nuna gudu a gefen ɗigon ya zama goma sha biyu. Ya idar da salla ya tashi.

Lambar Baba tana cikin wayata tun ranar da na sayi waya, ban taɓa danna ta ba. Na riƙe wayar ina kallon gudunsa yana hawa zuwa arba'in, ya faɗo ashirin, ya sake hawa, ya sake faɗowa, tuƙin mutumin da yake lalube. A waje duhu ya fara haɗe rumfuna. Tsoro nake ji iri biyu, kuma kunya ce in faɗa amma na biyun bai fi na farkon ƙanƙanta ba: tsoron ya taka wani ko ya kife, da tsoron in buɗe baki in yi wa Baba magana kai tsaye. Na danna.

Ta daɗe tana ƙara. Sai na ji rurin inji, da muryarsa kusa da kunnena yadda ban taɓa ji ba.

“Wa na?”

Ashe ba shi da lambata. Me zai yi da ita?

“Zubaida ta.”

Na yi abin da aka koya min, na ɓuya a bayan wani.

“An ce a hwaɗa maka, wai a kwana nan, a ƙaraso da sahe.”

“Wa yac ce?”

Na rasa sunan da zan kama. Ƙarya ba ta zo min ba.

“A hwaɗa ma wanda yac ce, an ce ni na na ƙarshe. Yau gida nika kwana.”

Na ji yana shirin kashewa. A daidai lokacin wani hon ya tsaga wayar, aka yi ihu, birki ya yi wata ƙara mai tsawo. Na miƙe tsaye har kujera ta faɗi. A kwamfuta ɗigon yana tafiyarsa lafiya lau, don tiraka ba ta nuna inda mota take yanzu, sai inda take ɗazu kaɗan. Ban taɓa tsanar wannan jinkirin ba sai ranar. Na jiyo wani yana zagi daga nesa, muryar tana yin baya, alamar mai ita yana da rai kuma motar ta wuce shi.

“Baba,” na ce. Ban taɓa kiransa haka a gabansa ba. “Baba, ba ka gani. Na sani. Ga shi nan gabana, tun damana ba ka yi tahiyar dare ba. Don Allah ka tsaya.”

Na zaci zai kashe, ko ya yi min tsawar da zan tuna har in mutu. Amma da ya yi magana muryar ta sauko ƙasa.

“Ba a tsayawa nan. Bakin hanya ya zaizaye, in na sauka da kayan ga sai ta kwanta. In na tsaya bisa kwalta wani ya haye ni.” “Ke da kike ganina cikin abin ga, ina nike?”

Wannan tambayar ta fi birkin nan tayar min da hankali. Mutumin da ya san kowane rami a hanyar nan tun kafin a haife ni yana tambayata inda yake.

Na tsayar da kujerar na zauna. Wata guda da ya wuce na yi wa Alhaji taswirar wuraren da motocinmu suka fi tsayawa. Na buɗe ta. A gaban Baba kaɗan, hannun dama, akwai inda ɗigogi suka taru baƙi ƙirin, wani fili a gaban masallacin bakin hanya inda direbobinmu suke shan shayi. In tireloli masu kaya suna shiga can kullum, ƙasar tana da ƙarfi.

“Ka wuce ƙaramar gada?”

“Yanzu nij ji ta ƙarƙashina.”

Na ƙara masa tafiyar jinkirin tiraka a kaina. “To hilin mai shayi na gaba, bai kai kilomita biyu ba. Hanya miƙe take, sai kwana guda zuwa hagu. Ka rage ƙwarai. Ka riƙa hon.”

“Hwitilun masu tahowa ka kashe mani ido. In sun wuce sai in ga baƙi.”

“In ka ga hwitila ka taka birki har ta wuce. Ba mai koro nai.”

Ban san na ce “nai”, wato “shi”, ba sai da ta fita, kamar da wani nake maganarsa. Bakina ya saba. Haka muka tafi, shi yana hon, ni ina kallon ɗigon da ke biye da shi a baya. Na ji kukan shanu sun kewaye motar, da sandar makiyayi tana bugun ƙarfe, ya tsaya cik har suka wuce. Na ce kwana ta kusa, ya ce ya ji ta a sitiyari. Sau ɗaya ɗigon ya ɓace gaba ɗaya, sabis ya ɗauke, na ci gaba da cewa “miƙe, miƙe” da muryar wadda take gani, alhali allon babu komai. Zufa ta jiƙa min hijabi har baya.

“Akwai wani haske dama,” ya ce. “Ja-ja.”

“Wutar mai shayi ta. Ka wuce ta kaɗan, mashigar na bayanta.”

Na ji tayoyi sun bar kwalta sun hau tsakuwa, motar ta yi wani nishi, iskar birki ta fita. Injin ya mutu. Sai can ɗigon ya dawo, ya gangara dama, ya nuna sifiri. Kafin in sami abin cewa ya kashe wayar.

Ni da Lawwali muka shiga motar haya cikin masu komawa Sakkwato, aka matse mu da buhunan barkono. Mun wuce Amarawa ina kallon bakin hanya, mutane ne ko'ina a cikin duhun, da tumaki, da yara a kan jakai. Na san kuma abin da nake zuwa yi. Daga yau Baba ya gama tuƙin tirela, kuma ni na gama masa.

Mun same shi a kan bencin mai shayi, kofi a gabansa bai taɓa ba. Lawwali ya durƙusa ya gaishe shi. Ni na durƙusa daga nesa na gai da ƙasa, yadda na saba. Bai dubi inda nake ba, ko da ya duba ban san me zai gani ba. Ya zaro makulli daga aljihun gaba, ya ɗan riƙe shi, ya miƙa wajen da muryar Lawwali take.

“Giya ta ukku tana da gardama. Kada ka tilasta ta.”

“To, Baba.”

Ya tashi ya nufi motar. Ƙafarsa ta kai shi ɓangaren direba, ya tsaya, ya dafa gaban motar ya zagaya ɗaya ɓangaren. Can hasken mai shayi ba ya kaiwa. Na ga ya ɗaga hannu yana neman ƙarfen da ake kamawa a hau, hannun yana yawo a iska, tazarar taƙi ɗaya daga ƙarfen. Lawwali ya riga ya hau, ba kowa a wurin sai ni. Na matsa na kama hannun. Tauri gare shi kamar tsohuwar igiya. Na zaci zai fizge. Bai fizge ba.

“Lawwali,” ya kira.

“Na'am, Baba.”

“Ka hwaɗa ma ɗiyar Gwaggo, gobe in Alhaji ya dawo ta nuna mai abin da tag gani. Kada ta rage komi.”

Ni na amsa.

“Ta ji, Baba.”

Na ɗora hannunsa a kan ƙarfen. Ya kama da ɗaya hannun, wannan kuma bai sake ni ba sai da ƙafarsa ta sami matakin.